Kalma ɗaya, amincewa da takunkumi

Wani malamin sakandare daga Katsina ya rubuto yana cewa: "Malam, na karanta a jarida cewa hukuma ta yi *sanction* ɗin wani aiki, aka ce mini nufin ta amince da shi. To amma da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 2023, wannan kalmar dai ita aka yi ta maimaitawa. Wanne ne daidai?"

Duka biyun daidai ne, Malam, kuma uwarsu ɗaya. Kalmar ta fito daga Latin, *sanctio*, wato a tsarkake abu a tabbatar da shi har ya zama doka. A dokokin Rumawa, sunan sashen da ke faɗin abin da zai sami wanda ya karya dokar ke nan. Ka ga tun daga tushe tana ɗauke da abu biyu: hatimin hukuma, da bulalar da ke tsaron hatimin. Da ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16, doka ko umarnin hukuma take nufi. A hankali wasu suka riƙe ɓangaren hatimin, ta zama amincewa, masana shari'a kuma suka riƙe ɓangaren horon.

Ma'anar da muke ji a rediyo ta yi ƙarfi ne bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1935, da Italiya ta auka wa Habasha, ƙungiyar ƙasashen da Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada ta sa mata takunkumin ciniki. Sai dai ba a sa man fetur a ciki ba, don haka bai hana Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya na lokacin, komai ba. In ka ga kalmar a jam'i, *sanctions*, kuma an ɗora su a kan wata ƙasa, to horo ne. Inda take rikitarwa shi ne in ta zo a aikatau. Nan dole ka karanta abin da ke gaba da bayanta. Ni dai ina jinjina wa wanda ya fara fassara ta da "takunkumi", abin da ake ɗaure bakin kura ko jaki da shi. Ta fi ta Turancin fito da nufi fili.

Wata ɗaliba daga Zariya kuma ta ce a shafin farko na fasfo ta ga an roƙi a bar mai shi ya wuce *without let or hindrance*, alhali ita ta san *let* na nufin bari.

'Yata, wannan kam kama da wane ba ta wane. A tsohon Ingilishi kalmomi biyu ne dabam, *lætan* mai nufin ƙyalewa, da *lettan* mai nufin tarewa ko jinkirtawa. Furucinsu ya yi ta sauyawa har suka haɗu a rubutu ɗaya. Ta biyun ta kusa mutuwa, sai a irin wannan tsohon salon na takardun hukuma da muka gada daga Ingila, sai kuma a wasan tanis, idan ƙwallon farawa ta shafi raga aka ce a sake. Haka labarin *cleave* yake: ɗaya tsagawa, ɗaya mannewa, ba dangin iya ba na baba.

Ta ƙara da tambayar ko Turanci kaɗai ke da wannan hali.

Ina! Malaman Larabci sun daɗe da tattara irin waɗannan kalmomi, suka kira su *al-addad*, wato kishiyoyi. Ibn al-Anbari, wanda ya rasu a 328 bayan Hijira, ya yi littafi sukutum a kansu. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta babin idda ya san kalmar *ƙuru'i* da ta zo a Suratul Baƙara, aya ta 228. Larabawa na kiran haila da ita, suna kuma kiran tsarki da ita. Malikawa da Shafi'awa suka ɗauke ta a matsayin tsarki, Hanafawa suka ce haila, aka sami bambanci a lissafin idda daga kalma guda. *Maula* ma haka: ubangidan da ya 'yanta bawa maula ne, bawan da aka 'yanta shi ma maula ne.

Mu ma muna da namu. "Aro" ba ya nuna wanda ya bayar da wanda ya karɓa, sai aikatau ya raba gardama: na ari keke, na ara masa keke. Amma abin da ya fi yawa a bakinmu shi ne ɗaukar kalmar tsoro mu yi yabo da ita. Saurayi ya ga mota ya ce tana da bala'in kyau, ko masifar kyau, ko mugun kyau. 'Yan kallon ƙwallo su ce wa ɗan wasan da ya burge su shege, shi kuwa har daɗi yake ji. Wannan hanyar ce *terrific* ta bi. Asalinta abin firgitarwa, yau kuwa abin burgewa. *Awful* ta bi ta a juye: da can abin da ke cika zuciya da kwarjini, har Ubangiji ake siffantawa da ita, yanzu mummuna kawai. Dalili ɗaya ne a harsunan biyu. Mai magana yana neman kalma mai zafi don ya ƙarfafa zancensa, yau da gobe sai zafin ya tsaya, ma'anar farko ta gushe. Tamu ba ta kai can ba tukuna, don har yanzu in an ce bala'i ya sauka a gari ba wanda zai ɗauka yabo ake yi.