Allurar mai ɗauke da HIV ta soke ni, zan iya jira zuwa Litinin?

Tambaya: Likita, ni ɗaliba ce, ina koyon aiki a wani ƙaramin asibiti a cikin garin Sakkwato. Jiya Juma'a da la'asar ina mayar da murfin allura bayan na ɗebi jinin wata mata, sai ta soke ni a babban yatsa. Da na duba katinta na ga tana ɗauke da HIV. Na matse wurin na zuba bilic, ban gaya wa kowa ba don tsoron faɗa. Zan iya jira zuwa Litinin?

Amsa: A'a ƙanwata, kada ki jira. Ki tafi asibiti yau, ko da dare ya yi.

Akwai maganin da ake kira PEP, wanda ake ba mutum bayan irin wannan tsautsayi don kada ƙwayar cutar ta samu gindin zama a jikinsa. Idan ƙwayar ta shiga, tana fara laɓewa ne a kusa da inda ta shigo, sai bayan 'yan kwanaki ta kai kaluluwa ta bazu. Cikin wannan ɗan tsakanin ne maganin ke tare ta. Shi ya sa aka yanke masa awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa, gwargwadon ƙarfin kariya. Naki lissafin zai cika Litinin da la'asar. In kin jira, kin je kin tarar da layi, an ce ki nemo kati, an aike ki ɗakin gwaji, sai ki ga rana ta karkata ba ki haɗiyi komai ba.

Ki nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Da zuwanki ki faɗa musu kai tsaye: allurar mai HIV ta soke ni ƙarfe kaza ranar Juma'a, ina buƙatar PEP. Magungunan HIV kyauta ake bayar da su a asibitocin gwamnati. Za a fara yi miki gwaji, amma wannan gwajin matsayinki na kafin sukar kawai yake nunawa, don haka in ya fito lafiya kada ki ce shi ke nan.

Ƙwaya ɗaya ce a rana mai haɗe da tenofovir, lamivudine da dolutegravir, har kwana 28 ba fashi. A nan na fi ganin mutane na faɗuwa. Tashin zuciya, ciwon kai ko rashin barci su zo a makon farko, sai a jefa kwalbar a ƙasan akwati. Yawanci suna lafawa, in kuwa sun tsananta ki koma wurin likita kafin ki daina. In kina shan maganin ƙarin jini ko na ƙwannafi ki faɗa, domin suna hana dolutegravir shiga jiki yadda ya kamata, sai an raba musu lokaci.

Ki kwantar da hankalinki. A irin wannan sukar, kimanin mutum 3 cikin 1,000 ne ke kamuwa ko ba a sha komai ba, kuma in matar na shan maganinta yadda ya dace, haɗarin ya ƙara raguwa. Matsewa da zuba bilic ba su da amfani, sai dai su ƙara ɓata fatar. Ruwa da sabulu sun wadatar.

Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne shirun da kika yi. Ba laifi kika aikata ba, har waɗanda suka shekara ashirin suna aiki allura na sukarsu. Ki sanar da shugabar sashenku a rubuta, kuma daga yau allura in ta gama aiki sai kwalin zubar da allurai, ba a mayar mata da murfi.

Ki nemi a duba ki ciwon hanta nau'in B, wanda ya fi HIV saurin kama mutum ta allura, a yi miki rigakafinsa in ba ki taɓa yi ba. Gwajin HIV kuma za ki maimaita shi bayan mako 6, sannan bayan wata 3.