Ku Tambaya Mu Amsa: Aiki, Girki da Yawon Ƙarshen Mako na Ɗalibanmu a Birtaniya

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan abu ɗaya suke: 'ya'yanmu da ke karatu a Birtaniya suna haɗawa da aiki. Mun zaɓi biyar. Alƙaluman kuɗin da za ku gani na shekarar 2025 ne.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana digiri na biyu a Manchester, yana kuma aiki a gidan kula da tsofaffi. Duk ƙarshen mako sai mu ga hotunansa a wuraren shaƙatawa, amma da an yi masa maganar kuɗin makarantar ƙannensa sai ya ce babu. Anya kuwa?
*Wata uwa, Unguwar Rogo, Jos*

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Bari mu buga lissafin tare. Bizar karatu ta Birtaniya awa 20 kacal ta yarje wa ɗalibin digiri ya yi aiki a mako, muddin ana cikin zangon karatu. Mafi ƙarancin albashi ga mai shekara 21 zuwa sama, a Afrilun 2025 ya zama fam 12.21 a awa, kuma irin aikin da ɗanki yake yi ba ya yin nisa da wannan. Awa 20 ta ba shi fam 244 a mako, wajen fam 1,050 ke nan a wata. Idan aka juya shi zuwa naira sai ya cika kunne, amma ai ba a Jos zai kashe shi ba. Ɗaki ɗaya tal a gidan haɗaka, inda ake tarayya a kicin da banɗaki, yakan lashe rabin kuɗin ko fiye. Ga abinci, ga kuɗin bas da na waya, ga wuta da gas na ɗumama ɗaki. In kuwa yana biyan ragowar kuɗin jami'a kashi-kashi, to ba ma a maganar saura.

Hotunan kada su ruɗe ki. Lambunan shaƙatawa da manyan gidajen tarihi na can yawancinsu kyauta ake shiga, mutum yana iya wuni yana ɗaukar hoto bai kashe ko fam biyar ba.

Abin da muke jiye masa shi ne matsin gida ya tura shi ƙetare awa 20. Jami'arsa ce ta tsaya masa ya sami biza, kuma doka ta ɗora mata kai rahoto idan ta gano ya karya sharaɗi. Ana iya soke bizar, karatu da kuɗin da aka zuba su bi ruwa. Idan akwai buƙata, ki bari sai lokacin hutun jami'a, sa'ad da aka ba shi damar yin cikakken aiki.

Tambaya: Malam, na sami gurbin karatu, zan tafi a watan Satumba. Me ake buƙata kafin a fara aiki, kuma ina ne mutane suke yin tuntuɓe?
*Wani ɗalibi, Kubwa, Abuja*

Amsa: Allah ya sa alheri. Abu uku za ka fara da su. Biza yanzu ta intanet ce, daga asusunka na hukumar shige da fice za ka fitar da lambar tantancewa ka ba mai ɗaukar aiki, da ita zai duba ko kana da izini da kuma awa nawa. Sai asusun banki, wanda zai nemi wasiƙar jami'a mai ɗauke da adireshinka. Sai lambar inshorar ƙasa (National Insurance), wadda ake lissafa harajin ma'aikaci da ita, ana nemanta kyauta a shafin gwamnati. Duk wanda ya ce ka biya shi ya nemo maka, ɗan damfara ne. Kana iya fara aiki kafin ta iso.

Tuntuɓe na farko kuwa a lissafin awa ake yin sa. Makon daga Litinin yake farawa ya ƙare Lahadi, kuma kowane mako da kansa yake tsaye. Ba a yin awa 10 a wannan makon a rama da 30 a na gaba. Idan wurin aikinka biyu ne, haɗa su ake yi, 12 a nan da 10 a can sun zama 22, ka karya doka ko da kowane wuri bai san da ɗayan ba, domin duk albashin yana bi ta hukumar haraji ta HMRC. Aikin dare shi ya fi kayar da mutane: ka shiga ƙarfe 8 na daren Lahadi ka fita 8 na safen Litinin, awa huɗu na makon da ya wuce ne, takwas na sabon mako. Ka riƙa rubuta awanninka a ɗan littafi, kada ka bar wa manaja lissafin, shi dai burinsa a cike masa gurbi.

Na biyu, ɗalibi ba shi da izinin sana'ar kansa. Kai abinci gida-gida da keke ta Deliveroo ko Uber Eats a wannan rukunin yake, haka kitso, aski ko sayar da abinci daga ɗaki. Aikin da ake biya hannu da hannu ba takardar albashi, shi ma ka kauce masa, ranar da aka hana ka haƙƙinka ba inda za ka kai ƙara.

Na uku, masu digiri na biyu su kula da bazarar can. Lacca takan ƙare wajen Mayu ko Yuni, sai mutum ya ɗauka hutu ya zo. A jami'o'i da yawa watannin rubuta kundin bincike cikin zangon karatu suke, awa 20 tana nan daram. Ka nemi ranakun hutu a rubuce daga ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin ka karɓi ƙarin aiki.

Takardar albashinka ta farko, ka duba lambar harajin da ke kanta. Ta yau da kullum 1257L ce, ma'ana fam 12,570 na farko a shekara ba haraji a kansu. Idan ka ga BR ko 0T, mai yiwuwa ana cire maka fiye da ƙima, ka tuntuɓi HMRC su gyara su mayar maka da rarar. Sannan kada ka ara wa kowa asusun bankinka a turo kuɗi ka tura gaba, ko da ɗan unguwarku ne. Idan kuɗin na zamba ne, banki zai rufe asusun, kuma tabon yana iya bin sunanka har shekara shida.

Tambaya: Ina shirin tafiya, Mama ta fara haɗa mini kilishi da man shanu. Me ya kamata in ɗauka? Kuma yaya ake girki ga mai fita aiki da lacca?
*Wata ɗaliba, Bukuru*

Amsa: 'Yar'uwa, ki ba Mama haƙuri, kilishin nan a gida za a cinye shi. An hana shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga Najeriya: kilishi, dambun nama, man shanu, duk ƙwacewa ake yi a filin jirgi. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma kuma kilo 2. Ki cika jakarki da abin da ke da wuyar samu kuma ba nauyi: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, yaji, garin kunu, da acca tunda daga Filato kike. Ki ɗaure kowanne a leda biyu ki rubuta sunansa, daddawar kuma ki sa ta a roba mai murfi, in ba haka ba duk tufafinki sai sun ɗauki warinta. Shinkafa, manja, doya da wake kada ki wahalar da kanki, ana samun su a shagunan 'yan Afirka da na 'yan Asiya. A Landan akwai unguwar Peckham, a Manchester akwai titin Wilmslow da ke Rusholme, inda mahautan halal suke jere.

Girki sau ɗaya ake yi a mako. Gwangwanin tumatir huɗu masu giram 400, albasa uku, attaruhu biyu ko uku, tattasai biyu da kaza kilo ɗaya za su ba ki miyar da za ki raba roba biyar ko shida. Tumatirin gwangwani yana da tsami, ki soya shi sosai har mai ya taso sama kafin ki zuba romo. Roba biyu a firij, sauran a firiza, domin dafaffen abinci bai kamata ya wuce kwana biyu a firij ba, shinkafa ma kwana ɗaya. Tuwo kuwa, niƙaƙƙiyar shinkafar shagunan 'yan Asiya tana yi: kofi ɗaya na gari, kofi biyu da rabi zuwa uku na ruwa. Ki fara yin talge da kaɗan daga garin, sannan ki zuba sauran kina tuƙawa, in kika juye shi gaba ɗaya a tafasasshen ruwa gudaji zai yi.

Abu biyu ke haɗa sababbin zuwa faɗa da abokan zama. Ɗaya shi ne ƙona manja har ya yi hayaƙi, nan take ƙararrawar gobara za ta tashi, a ɗakunan kwanan ɗalibai kuwa sai kowa ya fito waje cikin sanyi. Ki rage wuta, ki buɗe taga, ki kunna fankar da ke saman murhu, kuma kada ki kuskura ki rufe na'urar da leda ko safa. Ɗayan shanya jiƙaƙƙun kaya a ɗaki taga a rufe, bango ya yi baƙin funfuna, mai gida ya cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyarki.

Cefanen Lahadi a yi shi da wuri. A Ingila da Wales manyan kantuna awa shida kawai suke buɗewa ranar, da yawa ƙarfe 4 ko 5 na yamma sun rufe.

Tambaya: Ina Sheffield. Asabar ina aiki, Lahadi kaɗai nake da ita, kuma tun da na zo daga ɗaki sai aji sai wurin aiki. Ina zan je ba tare da na karya aljihuna ba?
*Wani ɗan Gangare*

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi sa'ar gari, tsaunukan Peak District a bayan gidanka suke. Fara da katin rangwame na 16-25 Railcard. Fam 35 ne a shekara, yana rage kashi ɗaya bisa uku na kuɗin jirgin ƙasa, da ka yanki tikitin da jimillarsa ta kai fam 105 ya biya kansa. Ko ka wuce shekara 25 kana iya samu, in dai cikakken ɗalibi ne kai kuma jami'a ta tabbatar. Sharaɗinsa ya kasance tare da kai a kowace tafiya. Wanda aka kama da tikitin rangwame ba katin, ana iya cinsa tarar fam 100 bayan kuɗin tikiti, a rage ta zuwa 50 idan ya biya cikin kwana 21.

Daga Sheffield jirgi zai kai ka ƙauyen Edale cikin kimanin rabin awa, daga nan a hau tsaunin Mam Tor da ƙafa. Tsayinsa mita 517 ne, wanda ya taɓa hawa Duwatsun Shere zai raina shi, kuma a nan kuskuren yake. Sanyin Jos busasshe ne, na can jiƙaƙƙe ne mai iska, rana tana iya haskawa da safe ruwa ya sauko kafin azahar. Wandon jins da rigar auduga idan suka jiƙe ba sa bushewa, zafin jiki suke zuƙewa. Ka sa riguna marasa nauyi biyu ko uku a jere maimakon ƙatuwar riga ɗaya, ka ɗora rigar ruwa a sama, da takalmi mai ƙwarin ƙasa wanda ba ya santsi a laka. Ka tafi da ruwa lita ɗaya, shayi a fulas da abincinka, domin sayen abinci a irin waɗannan wurare yana iya fin kuɗin tikitin. Ka cika cajin waya, ka gaya wa wani inda za ka. Idan aka sami matsala a kan dutse, 999 ake kira a nemi 'yan sanda, su ne ke haɗa mutum da masu ceto.

Lahadi tana da halinta. Jirage ba sa farawa da wuri, ba su da yawa, kuma a ƙarshen mako aka fi gyaran layin dogo, sai a maye gurbin jirgin da bas, tafiyar awa ɗaya ta koma biyu. Ka duba tun daren Asabar, ka riƙe lokacin jirgin ƙarshe na komawa. Tikitin Advance, wanda ake saya tun da wuri, ya fi araha, amma na jirgi ɗaya ne tak, ya wuce ka ya wuce ke nan.

A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, ka fita da sassafe ka sauko da haske. Azahar, la'asar da magariba sukan haɗu cikin kimanin awa huɗu, ka riƙe alwala da 'yar darduma mara nauyi a jaka. Ranar da ruwa ya ƙi ɗaukewa, ka nufi York, tafiyar wajen awa ɗaya: hawa ganuwar birnin kyauta ne, haka shiga gidan tarihin jiragen ƙasa na ƙasar. Kuma kasalar da ke kama mutum a hunturun can ba duka ragwanci ba ce. Hukumar lafiya ta NHS tana ba da shawarar shan bitamin D maikirogiram 10 kullum daga Oktoba zuwa Maris, masu baƙar fata kuwa duk shekara.

In za ka samu, ka ja mutum ɗaya ko biyu ku tafi tare. Ƙungiyoyin ɗalibai na jami'a, da masallatai da majami'u, suna shirya irin wannan fita a bas ɗaya, kuɗin kuma ya fi sauƙi.

Tambaya: Ƙanena yana Landan, ya ce abokansa za su Paris ƙarshen mako, wasu kuma Dublin. Bizarsa ta isa?
*Wani magidanci, Rikkos, Jos*

Amsa: Ba ta isa ba, Alhaji. Bizar Birtaniya ta Ingila, Scotland, Wales da Ireland ta Arewa ce kawai. Mai fasfon Najeriya sai ya nemi bizar Schengen, wadda yawancin ƙasashen Turai ke tarayya a kanta, kafin ya taka Faransa, kuɗinta yuro 90 tun Yunin 2024, ban da ladan ofishin karɓar takardu, kuma samun ranar ganawa kan ɗauki makonni. Za su nemi wasiƙar jami'a, bayanan banki, inshorar tafiya da shaidar masauki. Dublin, babban birnin Jamhuriyar Ireland, ta fi yaudara, domin daga Belfast da ke Ireland ta Arewa bas na shiga ba shingen kan iyaka, amma Jamhuriyar Ireland ƙasa ce daban mai bizarta, kuma jami'anta suna tsayar da bas su duba takardu. Idan yawon ƙarshen mako yake so ba wahalar takarda, Edinburgh tana nan, awa huɗu da rabi a jirgi daga tashar King's Cross, Cardiff kuma wajen awa biyu daga Paddington.