Shin HMS Nigeria jirgin Najeriya ne?

Malam, ka tambaya ko jirgin ruwan yaƙin da ka gani a hoto mai suna HMS Nigeria namu ne. A'a, na Ingila ne. Suna kawai aka ba shi, don Turawa sun laƙaba wa jiragen rukuninsa sunayen ƙasashen da suke mulka, irin su Kenya da Gambiya.

Ya fara aiki a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A Yunin 1941, shi da wasu jiragen suka kama Lauenburg, jirgin Jamus mai auna yanayi, aka samu takardun da suka taimaka wajen warware saƙonnin sirrin Jamusawa. Daga nan ya riƙa rakiyar jiragen kaya zuwa Rasha cikin tsananin sanyi.

Inda ya ji jiki shi ne ranar 12 ga Agustan 1942, a hanyar kai ɗauki tsibirin Malta. Jirgin Italiya mai ninƙaya a ƙarƙashin teku, Axum, ya narka masa makami, mutum 52 suka mutu. Da ƙyar ya lallaɓa Jibralta, gyara kuwa sai a Amurka.

Ya ƙarasa yaƙin a gaɓar tekun Bama (Myanmar a yau), ƙasar da sojojinmu ma suka fafata. Indiya ta saye shi, sunansa ya koma Mysore a 1957.