Yaya ake nazarin tarihin rayuwar da dangin marubuciya suka musanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba mu nazarin littafin Educated na Tara Westover, wadda ta tashi a gidan da uba ya hana 'ya'yansa makaranta da asibiti. Sai na ji iyayenta sun musanta abubuwa da dama da ke ciki. Yanzu na rasa ta inda zan kama. In ɗauke shi a matsayin gaskiya, ko ƙagaggen labari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Wannan saɓanin da ya dame ki, shi ne ainihin abin da ya kamata ki nazarta.

An haifi marubuciyar a 1986 a jihar Idaho ta Amurka, ita ce auta cikin 'ya'ya 7. Uban yana sana'ar gwangwan, uwar ungozoma ce mai haɗa maganin gargajiya. A faɗarta, ba ta sami takardar haihuwa ba sai tana shekara 9, ba ta zauna a aji ba sai tana 17. Daga Jami'ar Brigham Young ta wuce Cambridge a Ingila, ta yi digirin digirgir a fannin tarihi a 2014, littafin ya fito a 2018. Lauyan iyayen ya ƙaryata sassansa, uwar kuma ta fitar da nata littafin a 2020.

Ba aikinki ba ne ki yanke hukunci tsakanin 'ya da iyayenta, don ba ki da hujjar yin haka. Tambayar da za ki riƙe ita ce: a gidan nan, wa ke da ikon faɗin abin da ya faru? Gidan da aka killace ba ƙofa kawai ake rufewa ba. Babu malamin makaranta, babu likita, babu maƙwabcin da zai ga rauni ya ce wannan ba daidai ba ne. Idan babu shaida daga waje, maganar mai gida ita ce tarihi.

Dubi yadda littafin ya buɗe da labarin iyalin Weaver. A 1992 jami'an tarayya sun yi wa gidan Randy Weaver ƙawanya a Ruby Ridge da ke jihar Idaho, aka kashe matarsa da ɗansa da jami'i guda. Uban Tara ya ba 'ya'yansa labarin a kan cewa gwamnati ta far wa iyalin Weaver ne don sun ƙi kai yara makaranta, har yarinyar ta riƙa tuna abin kamar a gidansu ya faru. Sai a jami'a ta gano cewa shari'ar makamai ce silar rikicin. Tun daga nan ta nuna miki cewa ana iya dasa wa yaro tunanin abin da bai taɓa gani ba.

Wurin da na fi so ki daɗe a kai shi ne kundin da take rubuta sirrinta. Bayan yayanta, wanda ta saka wa sunan aro Shawn, ya ci zarafinta, ta rubuta abin yadda ya faru. Da ya ba ta haƙuri, sai ta sake rubutawa cewa rashin fahimta ne kawai. Amma ba ta goge na farkon ba. Ki ajiye rubutun biyu gefe da gefe, ki duba kalmomin da suka sauya da wanda aka ɗora wa laifi a kowanne. A ganina, babu shafin da ya fi wannan nuna yadda wanda aka danne ke taya mai danne shi gyara labari.

Kada kuma ki tsallake bayanan ƙasan shafi da na ƙarshen littafi. A kan ƙunar da wani yayanta ya yi a ƙafa, ta kawo ruwayoyin 'yan gidan da suka saɓa wa tata, ta bar su a haka. Wannan yana ƙara mata mutunci a idona, ko da yake bai tabbatar da kowace magana tata ba.

Sai ki yi hattara da abu biyu. Ita kanta ta faɗa tun farko cewa labarin ba na addinin Mormon da iyalinta ke bi ba ne, saboda haka kada ki shafa wa mabiyansa halin mutum ɗaya. Kuma kada ki mai da uban dodo, domin ƙaunar da take masa ce ta sa rabuwar ta yi ciwo.

Wajen rubuta aikinki, ki riƙa cewa “marubuciyar ta ce” a duk inda ake jayayya. Ki zaɓi aukuwa biyu ko uku kawai, ki bi kowacce: yadda ta faru, yadda aka ba da labarinta a gida, da lokacin da Tara ta fara shakkar wannan labarin.