Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Tanderu 16 Ke Aikin Tanderu Uku a Minecraft?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A wasan Minecraft na gina wurin narka tama mai aiki da kansa. Na jera tanderu 16, na shimfiɗa layin mazurarai masu miƙa wa juna kaya, kuma a ƙarƙashin kowane mazurari na sa wani mazurarin da ke zuba wa tanderu. Amma idan na zuba tama a akwatin da ke farkon layin, tanderu biyu ko uku ne kawai ke kamawa, sauran suna nan a sanyaye. Shin in ƙara tanderu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ƙara ko ɗaya, domin matsalarka ta rabo ce, ba ta ƙarancin tanderu ba. Mazurari, wanda 'yan wasa suka fi sani da hofa, ba ya duba halin da na bayansa yake ciki. Muddin yana da fili, zai ci gaba da jan kaya daga layin da ke samansa. Tanderu yana ɗaukar abu 64 a mazubinsa, mazurarin da ke kansa kuma yana da gurbi biyar da za su riƙe 320, saboda haka na farko shi kaɗai zai iya haɗiye abu 384 kafin ya ƙoshi. Idan ƙunshi biyu ko uku na tama ka zuba, mafi yawansu a farkon layin za su maƙale, kuma kowane ƙunshi na 64 yana cin minti 10 da daƙiƙa 40 a tanderu guda, tunda daƙiƙa 10 ake narka abu ɗaya.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne ka cire layin sama gaba ɗaya, ka shimfiɗa layin dogo a kan mazuraran da ke zuba wa tanderu, sannan ka ɗora ƙaramin tarago mai akwati ya riƙa kai da komo. Yayin da taragon ke wucewa, kowane mazurari yana fizgar abu ɗaya ko biyu ne kawai kafin ya wuce shi, don haka kayan suna watsuwa kusan daidai daga farkon layin har ƙarshensa. Ka sa dogo mai wuta a ƙarshen kowane ɓangare tare da bulo da zai tare taragon ya juyo da shi. Makamashi ma haka za ka yi masa a layi na biyu, sai dai mazuraransa su shiga tanderu ta gefe, domin ƙa'idar wasan ita ce abin da ya shigo ta sama shi ake narkawa, wanda ya shigo ta gefe shi ake ƙonawa, mazurarin ƙasa kuma shi ke kwashe abin da ya narke.

Akwai iyaka guda da ya kamata ka riƙe kafin ka yi tunanin faɗaɗa ginin nan gaba. Mazurari yana wuce da abu biyu da rabi ne a daƙiƙa, wato abu 25 a cikin daƙiƙa goman da tanderu ke narka ɗaya. Ke nan layi ɗaya na kwashe kaya ba zai iya bauta wa fiye da tanderu 25 ba, kuma duk wanda aka ƙara bayan haka ɓarnar ƙarfe ce kawai, tunda kowane mazurari yana cin sandar ƙarfe biyar da akwati. Tanderunka 16 suna cikin wannan iyaka, kuma idan rabon ya daidaita za su narka cikakken akwati mai abu 1,728 a minti 18, aikin da zai ɗauki tanderu ɗaya awa huɗu da minti 48. Amma idan ka sauya su da tanderun ƙarfe na musamman da ya shigo wasan a sabuntawar 1.14 ta shekarar 2019, wanda ke gama abu a daƙiƙa biyar, to 12 sun ishi layi ɗaya. Ka kuma tuna cewa shi tama da kayan ƙarfe kaɗai yake narkawa. Yashi ɗaya da ya faɗa mazubinsa bisa kuskure zai toshe shi har sai ka cire da hannu.

Tambaya: Malam, tun da na gina nawa, kwal yake ƙare mini da sauri fiye da lokacin da nake narkawa da hannu. Wane makamashi ne ya fi dacewa?

Amsa: 'Yar'uwa, kafin mu zo kan zaɓi, ga dalilin asarar. Da zarar makamashi ya kama a tanderu, ba ya mutuwa sai ya cinye, ko da abin narkawa ya ƙare. Kwal ɗaya ko gawayi ɗaya yana narka abu takwas, saboda haka ƙunshi na 64 yana buƙatar kwal takwas a tanderu guda. Amma idan aka raba shi ga tanderu 16, kowanne zai sami abu huɗu, ya ƙona kwal sukutum, sai kuɗin aikin ya ninka. Babban gini saurinsa ne ribarsa, kuma ba ya biyan kansa sai da babban kaya. Shi ya sa nake ganin ya dace ki ajiye tanderu biyu a gefe domin ƙananan buƙatu, ki bar babban wurin sai kaya sun taru.

Wannan ne kuma ya sa ba na ba da shawarar bokitin narkakken dutse ga tanderu masu yawa, duk da cewa yana narka abu 100 kuma tun sabuntawar 1.17 ta 2021 ana iya tara shi ta hanyar ɗigo daga tsinin dutse zuwa tukunya. Bokitan ba sa haɗuwa ƙunshi ɗaya, kuma idan sun zama fanko mazurarin ƙasa yana kwashe su ya haɗa da kayan da suka narke. Dunƙulen kwal yana narka 80 alhali kwal taran da aka haɗa shi da su 72 za su narka, amma shi ma asararsa babba ce a ƙaramin aiki. Dunƙulen busasshiyar ciyawar teku yana narka 20, sai dai an kashe narki tara wajen busar da ciyawar, ribarsa 11 ke nan. Gora kuwa rauninta ne amfaninta: guda huɗu ke narka abu ɗaya, don haka kusan babu abin da ke ƙonewa a banza, kuma gonarta tana iya girbe kanta ta zuba kai tsaye a layin makamashi. Ga mai narka kaya kaɗan-kaɗan a kai a kai, ita zan zaɓa, muddin gonar tana da girman da zai ciyar da layin.

Tambaya: Ina makin ƙwarewar da ake samu daga narkawa yake tafiya idan mazurari ne ya kwashe kayan? Kuma me ya sa aikin ke tsayawa idan na yi nisa?

Amsa: Makin bai ɓace ba, tanderu yana tara shi. Ka haɗa makunni da mazurarin ƙasa, domin wutar redston, wato lantarkin cikin wasan, tana kulle shi. Idan abu ɗaya ya narke ya tsaya a ciki, ka ɗauke shi da hannunka, duk makin da ya taru zai zo maka lokaci guda. Tsayawar aikin kuwa daga tsarin wasan take: an yanka duniyarsa gida-gida, bulo 16 tsawo da 16 faɗi, kuma gidajen da ke kusa da ɗan wasa kaɗai ke motsi. Saboda haka ka gina wurin narkawarka kusa da inda ka fi zama, kuma ka tsayar da taragon da makunni kafin ka yi tafiya, domin yakan maƙale a tsakiyar layi idan rabin dogon ya fita daga yankin da ke aiki.