Shin ya dace a ba yaron da ya fi kawo sadaka tukuici?

Tambaya: Ni malama ce a aji biyu na firamare. Kafin mu tafi hutun bukukuwa ina so ɗalibaina su tara tufafi da kayan wasa domin marayu, kuma na yi niyyar ba da tukuici ga wanda ya fi kawowa don in ƙarfafa musu gwiwa. Wata abokiyar aikina ta ce hakan kuskure ne. Mene ne ra'ayinku?

Amsa: Malama, niyyarki kyakkyawa ce, amma a wannan batu gaskiya tana wajen abokiyar aikinki. Da zarar taimako ya zama gasa, ƙarfin aljihun iyaye za a auna, domin yaro ɗan shekara bakwai ba shi da abin kansa da zai cika jaka. Ɗan mai hali zai lashe gasar da kayan da mahaifiyarsa ta ɗaure masa tun da dare, ɗan mai ƙaramin ƙarfi kuwa zai zauna yana sunkuyar da kai, alhali mai yiwuwa ne a cikin ajin naki akwai wanda buƙatarsa ba ta gaza ta marayun ba.

Akwai kuma illar da ba a ganinta nan take. A 2008 masana biyu, Felix Warneken da Michael Tomasello, sun wallafa binciken da suka yi a kan yara 'yan wata 20, inda suka gano cewa waɗanda aka saba ba su lada bayan sun taimaka sun ja baya da aka daina bayarwa, waɗanda aka yaba musu da baki kawai kuwa suka ci gaba. Wani binciken da Lara Aknin da abokan aikinta suka fitar a Kanada a 2012 ya nuna cewa yaran da ba su kai shekara biyu ba sun fi nuna farin ciki idan daga nasu rabon suka bayar. Ɗalibanki sun girme su, amma ɗabi'ar tun daga nan take tsirowa.

Saboda haka ki fara tuntuɓar gidan marayun ki ji abin da suke buƙata, tun da ba kowane tsohon kaya ne taimako ba. Sannan ki roƙi iyaye su bar yaro ya zaɓi abu guda daga cikin nasa da kansa, ko da littafi ne ko rigar da ta yi masa kaɗan, a wanke ta, ya naɗe ta da hannunsa. Ki ajiye kwali mai murfi a bayan aji, kowa ya saka nasa ba tare da an rubuta suna ba. Wanda bai samu abin kawowa ba ki ba shi aikin jera kayan ko rubuta katin gaisuwa, kuma kada a ɗauki hoton marayu suna karɓa. Idan an dawo hutu ki gaya musu inda kayan suka je da yadda aka yi amfani da su, domin za su tambaye ki.