Tambayi Likita: An ga ƙullutun ruwa a cikin Inna, an ce sai an zura na'ura

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata mai shekara 61 tana fama da ciwon ciki tun bayan babbar sallah, muna ta ba ta maganin olsa. Da aka yi mata hoton CT nan Jos, sai aka ce akwai ƙullutu mai ruwa a fankiriyas ɗinta, santimita 3.4. An tura mu Abuja a zura mata na'ura ta baki, a ɗebo ruwan da allura. Yayanmu ya ce atafau, wai in allura ta taɓa cutar kansa watsuwa take yi. Inna ko barci ta daina. Tunda an yi hoto, wannan kuma na mene ne? Daga 'yar'uwarku a Unguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Inna lafiya. Ku kai ta.

Fankiriyas ba saifa ba ce, ko da yake ana yawan haɗa su. Gaɓa ce doguwa da ke kwance a bayan tumbi, ita ke samar da insulin da ruwan narkar da abinci. Saboda lungun da take, iskar hanji kan tare hoton da ake ɗauka ta kan fatar ciki. CT ya nuna akwai ƙullutu, amma sau da yawa ba ya iya faɗin irinsa, alhali irin ne ke nuna abin da za a yi.

Akwai wanda ke taruwa bayan fankiriyas ta kumbura, galibi sanadin tsakuwar matsarmama ko giya. Wannan ba ya zama kansa. Akwai mai ruwa tsararo, wanda kusan kullum lafiya lau ake zama da shi. Wanda muke sa wa ido shi ne mai ruwa mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, domin wasu daga cikinsu kan rikiɗe su zama kansa bayan shekaru. Ƙa'idojin da masana suka fitar a 2012, waɗanda ake kira na Fukuoka ta Japan, sun ce ƙullutun da ya kai santimita 3 ya cancanci a ƙara duba shi da kyau. Na Inna ya ɗan haura, shi ya sa likitanku bai tsaya a CT ba. Ya yi daidai.

Na'urar, wadda likitoci ke kira EUS, siririn tiyo ne mai lanƙwasa, a bakinsa akwai kyamara da ɗan abin ɗaukar hoto da sauti. Idan ta isa tumbi ko farkon ƙaramin hanji, bango ɗaya ne kawai tsakaninta da fankiriyas. Daga nan likita zai ga ko akwai tsiro a jikin ƙullutun daga ciki, da ko babbar hanyar ruwan fankiriyas ta buɗe fiye da kima. In da buƙata, sai ya soka siririyar allura ya zuƙo ruwan. A ɗakin gwaji za a auna wani sinadari mai suna CEA. Idan ya haura 192, ya fi kama da mai yauƙi, haka ma idan sukarin ruwan ya gaza 50. Ku riƙe wannan: hawan CEA irin ƙullutun yake nunawa, ba ya nufin kansa ce. Na sha ganin iyali sun karanta takarda a bakin asibiti sun fashe da kuka kafin su ga likita, abin yana damuna ƙwarai.

Batun yayanku, ku gaya masa cikin ladabi cewa tsoronsa na ƙauna ne. Amma tun 1992, lokacin da Peter Vilmann da abokan aikinsa a Denmark suka fara ba da rahoton ɗebo samfuri ta wannan hanya, ake yin aikin, kuma watsuwar cuta ta hanyar allurar abu ne da ba kasafai ake gani ba. Haɗarin da ya fi kusa shi ne kumburin fankiriyas, ko zubar jini, ko shigar ƙwayoyin cuta, su ma kaɗan ne ke samu. Idan ciwon ciki mai tsanani, zazzaɓi ko amai ya biyo baya, a koma asibiti nan take.

Za ta yi kamar awa takwas ba ci, a sa ta barci da allura, aikin kuma ba ya cika wuce awa ɗaya. In tana shan maganin tsinka jini irin su wafarin, ko na suga, ku sanar da su kwanaki kafin ranar. Kada ta daina shan maganin da kanta. In idonta ya yi shawara ko tana ramewa, kada ku jira ranar da aka ba ku.

Ku bar Jos ana gobe, kada ta kama hanyar Akwanga da Keffi da yunwa. Ku tafi da faifan CT ɗin kansa, ba takardar sakamako kaɗai ba, kuma mutum ɗaya ya zauna da ita har maganin barcin ya sake ta.